Hirar Faisal: Wa Ya Ɗinka Rigar da Muke Aikawa Gida?

Mu Hausawan da ke zaune a Giza, daga Faisal zuwa Haram, daga Ardul Liwa har Sitta Oktoba, da wuya ka sami wanda bai taɓa aika kaya gida ba. Wani karatu ne ya kawo shi, wani jinyar ɗan'uwa, wani kuwa kasuwancin ne tun farko. Amma da watan Sha'aban ya tsaya, wayar kowa sai ta ɗauki ruri. A turo jallabiya dozin biyar, a turo abaya, a haɗo da zanin gado da singileti da kayan jarirai. Kuma saƙon ba ya ƙarewa sai an ɗora da cewa, "Don Allah ka duba mana mai kyau, audugar Masar ta asali." Mu ce an gama. Mu shiga jirgin ƙasa a tashar Faisal mu sauka Ataba, mu kutsa cikin Muski, mu ciko jakunkuna, mu kai wa masu kargo. Da ɗan abin da ya hau kai muke biyan haya, mu sayi littafi, mu aika wa iyaye na goro. Sana'a ce ta halal, kuma ta rufa wa da yawanmu asiri.

To, a majalisar da muke zama bayan Isha'i, a shagon gahawa na bakin layinmu, maganar wannan sana'a ce ta ƙi ci ta ƙi cinyewa. Baba ne ya tayar da ita. Baba shi ne dattijonmu a unguwa. Azhar ce ta kawo shi tun yana saurayi, ya gama, ya yi iyali, ya zauna. Ya ga wani yaro yana ɗaukar hoton zanin gado, yana rubuta wa mai saye cewa audugar Masar ce zalla, sai ya ce, "Ɗana, wa ya gaya maka?"

Yaron ya ce, "Baba, ai ga shi a rubuce a jikin leda."

Baba ya ce, "Ledar ce ta noma audugar? Ka ga gonar? Ka san masaƙar? Ka san hannun da ya ɗinka? Matar nan da ke Katsina ba ta san mai shagon Muski ba, kai ta sani. Ranar da kayan suka yi ƙarya, sunanka ne ya yi ƙarya, da sunan gidanku."

Gaskiya Baba ya faɗa. Tsakanin manomin da ke Kafrul Shaikh da amaryar da za ta shimfiɗa zanin gadon a Gusau akwai hannuwa masu yawa: mai noma, mai tsinka, mai gurza, mai kaɗi, masaƙi, marini, tela, mai guga, babban dila, sannan mu, sannan mai shago a Kantin Kwari. A duk jerin nan, mu kaɗai ne muke da ƙafa a nan da kunne a can. Muna iya takawa mu ga inda ake yin kaya, muna kuma jin yaren wanda zai saka su. Idan mu ba mu tambaya ba, babu mai tambaya.

Akwai wani ɗalibi ɗan Maraɗi da ke karatun aikin gona a Jami'ar Alƙahira, wadda ita ma a nan Giza take. Shi ya warware mana zare da abawa. Ya ce, "Yayyena, audugar da duniya ke kira Giza 45, Giza 86, Giza 94, daga unguwar nan ta samo suna. Cibiyar binciken auduga ta ƙasar tana nan kusa da makarantarmu, wajen shekara ɗari ke nan ana fitar da iri a cikinta, kowane iri da lambarsa. Amma ba a nan ake noman ba. Gonakin suna can arewa, inda Nilu ya rarrabu kafin ya faɗa teku: Kafrul Shaikh, Daƙahaliyya, Buhaira, Sharƙiyya. Akwai kuma na Fayyum da Bani Suwaif ta kudu."

Ya ce abin da ya sa take da tsada shi ne tsawon silinta. Irin Giza 45 silinsa yana kaiwa milimita 35 ko ya ɗan haura, alhali audugar da ta cika kasuwannin duniya ba ta cika kaiwa 30 ba. Dogon sili shi ke ba da zare siriri mai ƙarfi, yadinsa ya yi laushi, ya jure wanki, bai yi gashi-gashi ba. Kuma da hannu ake tsinkarta, shi ya sa silin ba ya karyewa. Tun zamanin Muhammadu Ali, wajen 1820, wani Bafaranshe mai suna Jumel ya lura da wannan auduga a wani lambu a Alƙahira, aka mayar da ita noman kasuwa. Da yaƙin basasar Amurka ya ɓarke a 1861, masaƙun Ingila suka rasa auduga, sai suka juyo Masar, kuɗi ya shigo kamar ba gobe. Tun daga nan sunanta ya zagaya duniya.

Sai ya sauke murya ya ce, "Amma ga inda gizo ke saƙar. A shekarun 1960 gonar auduga a ƙasar nan ta kusa fadan miliyan 2, shi fadan kuwa ya ɗan fi eka kaɗan. A 2016 ta dawo wajen fadan 130,000. An ɗan farfaɗo daga baya, amma ba a ko kusa da jiya ba. Kuma mai kyan, yawancinta ɗanya ake fitar da ita zuwa ƙasashe irin su Indiya da Pakistan. Masaƙun nan da yawa injinansu na gajeren sili ne, saboda haka shigo da auduga suke yi daga Girka, daga Sudan, har daga ƙasashenmu na Yamma irin su Benin da Burkina Faso. Ke nan riga tana iya zama ɗinkin Masar, saƙar Masar, amma audugar ba ta Masar ba ce. Wata ma yadin gaba ɗaya daga Sin ya zo, a nan aka yanka aka ɗinka."

Majalisa ta yi tsit. Domin kowa ya san sau nawa ya ga an rubuta "an yi a Masar" ya juya ya gaya wa mai saye "audugar Masar ce." Magana biyu ce daban, mu muka haɗe su.

Hajiya, wadda ke zuwa daga Kano sarin kaya tana sauka a gidan ƙanwarta a benen da ke samanmu, labarin ya kai mata washegari. Da muka haɗu a ƙofar gida ta ce, "Malam, ni fa 'yar kasuwa ce, ba mai binciken gona ba. Manyan kamfanonin Turawa su yi wannan, su da ke da ma'aikata da na'urori. Ni da jakata uku ina zan kai?"

Na ce, "Hajiya, ai manyan ma an yi musu." Na ba ta labarin 2016, lokacin da kantin Target na Amurka ya gano cewa zannuwan gado da rigunan matashi wajen 750,000 da kamfanin Welspun na Indiya ya kawo masa da sunan audugar Masar ba ita ba ce. Shekara kusan biyu ana sayarwa mutane suna biyan kuɗin na asali. Target ya yanke hulɗa da kamfanin, ya mayar wa mutane kuɗinsu, hannun jarin Welspun ya faɗi warwas cikin 'yan kwanaki. Ƙungiyar da ke kula da tambarin audugar Masar, mai hoton auduga a cikin dalar Fir'auna, ta ce a lokacin kusan tara cikin goma na kayan da ake sayarwa da wannan suna a duniya jabu ne. Shi ya sa ta koma gwajin ƙwayar halitta kafin ta ba kamfani izinin manna tambarinta. Wanda algus ɗin ya fi cuta kuwa shi ne manomin Kafrul Shaikh. Ya sha rana ya noma ta gaske, wani ya cika kasuwa da ta ƙarya da sunansa, farashin tasa ya karye.

Hajiya ta ce, "To ni yanzu gwajin halitta zan yi?"

Ba sai ta yi ba. Telanmu ɗan Zariya, wanda ke da keke a wani ɗan shago a Ardul Liwa, ya nuna mana abin da kowa zai iya. Ya zaro zare biyu daga bakin yadi, ɗaya na tsaye ɗaya na kwance, ya kunna ashana. Na farko ya ci da sauri, ya ba da warin ƙonannar takarda, ya bar toka mai laushi da ta watse da ya murza. Na biyu ya nannaɗe yana gudun wuta, ya yi baƙin hayaƙi, ya dunƙule ya zama ɗan ƙwallo mai tauri. Ya ɗaga mana shi a kan yatsa ya ce, "Kun gani? Tsayen auduga, kwancen roba. Haɗi ne. Ba laifi ba ne a sayar da haɗi, yana da arha, ba ya yamutsewa, akwai masu son sa. Laifin shi ne a ce zalla ne." Sai ya ƙara da cewa ashana iyakarta ta raba auduga da roba, ba ta faɗin gonar da audugar ta fito. Wannan kuwa sai tambaya: wace masana'anta, ina takardarta, tana da izinin tambarin ko babu? In an amsa, ka faɗa wa mai saye. In ba a amsa ba, ka ce masa, "Auduga ce, ɗinkin Masar." Ka tsaya a nan. Ba ka yi asarar komai ba sai ƙarya.

Wannan duk maganar yadi ce. Maganar da ta fi nauyi ita ce ta mutanen da ke bayan yadin, kuma Hajiya ce da kanta ta kawo mana ita, bayan ta je Kirdasa.

Kirdasa gari ne a nan Giza, ba nisa da dalar Fir'auna. Tun da daɗewa an san shi da saƙa da jallabiya. Kayansa har Siwa da Libiya ayari ke kaiwa a da. Akwai layi guda da shagunan jallabiya suka jeru hagu da dama, riguna a rataye tun daga ƙofa har sama, masu aikin zare a wuya da hannu. Da yawanmu iyakarmu layin nan. Hajiya kuwa ta ce wa mai shago tana son ganin inda ake ɗinkin, ya haɗa ta da yaro ya kai ta bayan layi. Ta ce ɗaki ne guda a ƙasan bene: tebur dogo, an jera yadi rimi-rimi, usɗa, wato mai ɗakin ɗinkin, yana zana da alli yana bi da almakashin lantarki, kekuna shida a jikin bango, wani saurayi a kusurwa yana guga, tururi ya jiƙe masa riga. Tana nan zaune mata biyu suka shigo da leda cike da wuyan riguna da suka yi wa ado a gida. Usɗa ya ƙirga ɗaya bayan ɗaya, ya duba bayan kowanne, ya rubuta a littafi. Da guda-guda ake biyansu.

Ta ce ta fara ciniki yadda ta saba, tana neman a rage mata fam biyar a kowace riga. Usɗa ya dube ta ya ce, "Ya Hajja, mai yadi ba zai rage mini ba, wutar lantarki ba za ta rage mini ba, mai gida ba zai rage haya ba. In na rage miki, daga hannun waɗannan zan cire." Ya nuna matan da ke bakin ƙofa.

Hajiya ta ce mana, "Wallahi Malam, ban taɓa tunanin ragin da nake murna da shi daga bakin wata yake fita ba. Na biya yadda ya faɗa. Da na koma Kwari na gaya wa masu sayena dalilin ƙarin, na nuna musu bayan aikin. Wasu sun tafi, amma masu sanin kaya sun tsaya."

Ciniki ba haramun ba ne, kuma ba kowane mai shago ne ke faɗin gaskiyar farashinsa ba. Amma ya kamata mu san inda ragi yake sauka. Da aka saki darajar fam a watan Maris na 2024, dala ta tashi daga fam 31 zuwa wajen 50, abinci da haya suka bi ta. Gwamnati ta kai mafi ƙarancin albashi na ma'aikatan kamfanoni masu zaman kansu zuwa fam 7,000 a 2025, amma mai ɗinki a ƙaramin ɗaki ba takarda, da matar da ke aiki a gida, da ɗan gudun hijirar Sudan da yaƙin 2023 ya koro, sau da yawa dokar ba ta isa inda suke. Su ne ƙarshen layi, kuma duk matsin da aka yi daga sama a kansu yake tsayawa.

Ba farashi kaɗai ke matsa su ba, har da lokaci. Mu ne za mu zauna sai azumi ya kai goma, sannan mu je mu ce muna son riga ɗari uku cikin mako guda. Usɗa ba zai ce a'a ba, don yana tsoron mu tafi wajen maƙwabcinsa. Sai yara su kwana a kan keke, su yi sahur a kan keke. Ko kuma ya ba wani ɗaki da mu ba mu sani ba, shi ma ya ba wani, har kayan su fito daga inda ba wanda zai iya bugun ƙirji ya ce ga halin da aka yi su. Mu ne kuma za mu karɓi kaya mu ce sai an sayar a gida za mu cika kuɗi, wata biyu, wata uku, alhali shi ranar Alhamis ma'aikata ke jiran hannunsa. Wanda ya ba da aiki tun Rajab, ya ba da kafin alƙalami mai kauri, ya cika ranar da ya karɓi kaya, ya yi wa mutum goma adalci ba tare da ya san sunansu ba. Addininmu bai bar maganar haƙƙin ɗan ƙwadago a duhu ba, kowa a majalisarmu ya karanta, saura aiki da shi a Muski da Kirdasa.

Wani ya ce ai waɗannan abubuwa a Bangaladash ake jin su. Haka ne, ginin Rana Plaza da ya rufta ran 24 ga Afrilu 2013 ya kashe mutum 1,134, yawancinsu mata masu ɗinka wa manyan kantunan Turai da Amurka. Amma a nan ma, a watan Maris na 2021, gobara ta tashi a wata masana'antar tufafi a Ubur, gefen Alƙahira, mutum 20 suka rasu. Saboda haka in ka shiga inda ake maka ɗinki, ɗaga kai ka duba. Ƙofa nawa ce? A buɗe take ko an sa kwaɗo? An toshe matakala da dilar yadi? Akwai yaron da ya kamata a ce yana makaranta? Ba sai ka yi faɗa ba. Ka ce, "Ya usɗa, wannan ƙofa fa?" Mai kawo aiki duk shekara maganarsa tana da nauyi. Ma'aikatan ƙasar nan kuwa ba baƙin neman haƙƙinsu ba ne. Babbar masaƙar Mahalla, wadda Ɗal'at Harb da Bankin Misr suka kafa a 1927, ma'aikatanta fiye da 20,000 sun tsayar da injina a Disambar 2006 a kan alawus da aka yi musu alkawari, kuma mata ne suka fara fitowa.

Ɗalibin Maraɗi ya mayar da mu gona. Ya ce a 2001 ƙungiyar Human Rights Watch ta fitar da rahoto cewa yara fiye da miliyan guda, 'yan shekara 7 zuwa 12, ake ɗauka kowace bazara su bi gonakin auduga suna cire ƙwan tsutsa daga ganye, awa 11 a yini, a cikin zafi da ragowar maganin feshi. Ya ce abubuwa sun sauya da yawa tun lokacin, kuma sun sauya ne saboda an yi magana, masu saye sun fara tambaya. Ya kawo misalin Sekem, gonar da Dokta Ibrahim Abul Aish ya kafa a hamada kusa da Bilbais a 1977. A farkon shekarun 1990 suka nuna ana iya noman auduga ba tare da guba ba, har gwamnati ta daina feshin gonakin auduga da jirgin sama. A 2020 kuma shirin Better Cotton ya shigo ƙasar, ana koya wa manoma rage magani da tattalin ruwa. Ruwan kuwa ba abin wasa ba ne a nan: rabon Masar daga Nilu, bisa yarjejeniyar 1959, kubik mita biliyan 55.5 ne a shekara, jama'a sun haura miliyan 100, auduga kuma mai ƙishirwa ce. Har buhun da ake zuba ta an sa wa ido. Tun da aka fara sayar da ita ta hanyar gwanjon gwamnati a Fayyum da Bani Suwaif a 2019, buhun algarara ake ba manomi, a ɗinke da zaren auduga, domin silin buhun roba guda in ya shiga, ba ya kama rini, sai ya ɓata yadi dungurungum.

In kana son ganin yadda sana'ar zare take idan an mutunta mai yin ta, ba sai ka bar Giza ba. Bi hanyar Saƙƙara ka tsaya Harraniyya. A farkon shekarun 1950 wani masanin zanen gine-gine, Ramsis Wisa Wasif, da matarsa Sofi suka tara yaran ƙauyen suka koya musu saƙa, ba zanen da za su kwafa, kowa ya saƙa abin da ke ransa. Ya rasu a 1974, iyalinsa suka ci gaba, ginin wurin ya sami kyautar Aga Khan a 1983. A lambun gidan ake shuka itatuwan rini, a nan ake rina zaren. Abin da ya fi kama ni shi ne, kowane aiki da sunan wanda ya saƙa shi ake saninsa. Ka tsaya gaban saƙa a ce maka wance ce ta yi, ta yi wata kaza a kai, ga ta can a ɗaki na gaba. Mai saye ya san hannun, mai saƙa ta san darajarta. Kayan Harraniyya ba irin namu na dozin-dozin ba ne, kuma ba kowa ke iya sayensu ba. Amma ɗabi'ar ambaton mai aiki ba ta da tsada, kowa zai iya ɗauka.

Da aka zo nan Baba ya yi murmushi ya ce, "'Ya'yana, ai wannan ba baƙon abu ba ne gare mu. Kakanninmu da shi suka yi kasuwanci." Ya tuna mana cewa lokacin da Bature Barth ya shiga Kano a 1851, ya tarar da birni da saƙarsa da rininsa ke kaiwa Tambutu da Gat har Tarabulus. Buzu a tsakiyar Sahara ya san rawaninsa daga marinar Kura ya fito. Fatake sun san garin da ya saƙa, unguwar da ta rina, mabugan da suka buga. Dillali kuwa da sunansa yake ci. In ya haɗa ka da kayan banza, gobe ba mai sauka a gidansa. Karofin Ƙofar Mata, wanda ake ƙirga shekarunsa daga 1498, yana nan har yau. Daga baya aka kafa masaƙar Kaduna a 1957, Kakuri ta cika da ma'aikata, audugar Funtuwa da Gusau da Malumfashi ta sami inda za ta. Yau yawancin masaƙun nan a rufe suke. Dalilan suna da yawa, rashin wuta, fasa-ƙwauri, tsadar kuɗin waje, amma a cikinsu akwai atamfar da aka kwafi zanenta da tambarinta a waje aka shigo da ita da arha, mu kuma muka saya ba mu tambaya ba. Abin da jabu ya yi wa manomin Masar, shi ya yi wa ma'aikacin Kakuri.

Telanmu ya ƙara da nasa. Ya ce duk maganar tattalin ruwa da ƙasa, rabinta a hannun mai saka riga take. Riga mai kyau guda da za ta yi Sallah uku ta fi huɗu da za su koɗe kafin Babbar Sallah. Ya ce ku tsallaka kogi ku je Wikalatul Balah a Bulak ku ga yadda gwanjon Turai ke sauka dila-dila, kamar dai Ƙofar Wambai. Mai kyau talaka ya samu ya rufa asiri, amma a kowace dila akwai tarin da ba mai so, ƙarshensa bola ko wuta. Shi ya sa idan aka ba shi ɗinki yakan bar ƙari a cikin kalmasa, don yaro in ya girma a saki. Ƙyallayen da suka rage kuma ba ya zubarwa, akwai masu zuwa su saya su cusa matashi.

Yanzu dai ga inda majalisarmu ta tsaya, ba da takarda ba, da baki da amana. Kowa zai nemi ɗakin ɗinki ɗaya ko biyu ya riƙe, ya san usɗa, ya san ƙofarsa, ya daina tsalle daga nan zuwa can saboda fam biyu. Abin da muka sani game da kaya za mu faɗa, abin da ba mu tabbatar ba ba za mu ƙawata shi ba. A cikin kowace jaka za mu sa 'yar takarda: an ɗinka a Kirdasa ko a Sitta Oktoba, auduga ce ko haɗi, aikin wuyan na hannu ne ko na inji. La'adarmu za mu faɗe ta a fili, kada mu ɓoye ta a cikin farashi. Idan wani ya gano inda ake cutar ma'aikata ko ake manna tambarin ƙarya, zai gaya wa sauran. Ɗaya-ɗaya ba mu da yawa, amma in aka haɗa abin da Hausawan Giza da Alƙahira ke saye a shekara, kasuwa za ta saurare mu.

Ku kuma 'yan'uwa da ke gida, Alhazan Kwari da Hajiyoyin da ke sayarwa a ɗaki da masu talla a WhatsApp, ku taimake mu da tambaya. Ku ce mana, ina aka yi, wa ya yi? In mun kawo muku mai ɗan tsada da bayaninsa, kada ku guje mu ku koma wa wanda ya fi iya rantsuwa. Kuma tambayar kada ta tsaya a kan kayan Masar. Ku yi ta a kan shadda da atamfa da yadin da ke cika shagunanku. Ku nemi marinin Ƙofar Mata da masaƙin da ya rage a ƙauyukan Kano da Zariya, da matan da ke ɗinkin hula a cikin gida, ku sa sunansu a jikin kayansu, ku biya su a kan lokaci. Manomin auduga na Funtuwa zai koma gona ne ranar da ya ga akwai mai neman tasa da sunanta, yana kuma biyan kuɗinta.